Gefen da Inna Take Zama

Kunnena na hagu ya tafi ne bayan wani zazzaɓi na kwana uku da ban ma ɗauke shi a bakin komai ba. Na tashi da safe na ji kamar ruwa ya shige shi wajen wanka. Na karkata kai, na yi tsalle da ƙafa ɗaya a tsakar ɗaki, ni da na ba shekara arba'in baya, na sa tsinken auduga, na ɗiga man zaitun, amma ba abin da ya fito. Da na gaji da jira na je asibiti, likita ya leƙa ciki da 'yar fitilarsa ya ce shi bai ga datti ba, bai ga ciwo ba, kunne tsaf yake, ji ne kawai ba ya yi.

Wanda bai taɓa rasa kunne ɗaya ba ba zai gane irin wannan kurumtar ba, ni ma da ba zan gane ba. In muna zaune mu biyu a ɗaki, kana gabana, ba abin da zan rasa a maganarka. Abin da ya ɓace mini shi ne sanin inda sauti ya fito. In waya ta yi ƙara sai in zagaye falo ina ɗaga matasai. In zan tsallaka titi a bakin kasuwar Wunti, hon ɗin keke mai ƙafa uku da na acaɓa duk daga dama suke zuwa mini, ko da mai shi yana hagu dab da ƙafata. Malamar lissafi ce ni a makarantar 'yan mata, kuma ɗalibaina sun gano matsalar kafin in gaya wa kowa. Cikin mako guda duk masu surutun aji suka koma layin hagu, ni kuma ina ta mamakin yadda suka shiryu. A mota maigidana yana hagu da ni, yana tuƙi yana ba ni labarin ofis, ina gyaɗa kai. Wannan kam ban yi asarar wani abu mai yawa ba.

Duk waɗannan na iya zama da su. Abin da ya gagare ni shi ne ɗakin mahaifiyata.

Mu asalinmu Fulani ne. Kakana ne ya sayar da sauran shanunsa ya gina gida a unguwar Ƙofar Dumi, Fulatanci ya yi ta zubewa daga bakinmu har ya rage gaisuwa da zagi, amma kunya ba ta je ko'ina ba. Ni ce 'yar fari. Da aka yaye ni aka miƙa wa kakata, a ɗakinta na tashi, a gida ɗaya da wadda ta haife ni. Ƙannena suna ce mata Inna, su hau gadonta, su ci abinci a kwanonta. Ni ba na kiranta da komai a gabanta, ita kuma tunda nake ba ta taɓa kama sunana ba. Ba ta duba fuskata, ba ta miƙo mini abu hannu da hannu. In ta tashi ambatona sai ta ce "wasu mutane", da na yi aure muka tare a gidan gwamnati kuma na zama "mutanen GRA". Abokan aikina da ba su san wannan al'adar ba sukan ji tausayina in na ba su labari. Ni ban taɓa ganin abin tausayi a ciki ba, domin muna magana da ita, hanyar ce kawai daban.

Kowace Juma'a, in an tashi makaranta, sai in wuce gida. In yi sallama, in durƙusa in gaishe ta, ta amsa tana kallon taga. Sai in zauna a wurina, kan tabarma daga bakin ƙofa, bayana a jikin bango. Gadonta yana hagu da ni. Can sai ta fara magana ƙasa ƙasa, tana fuskantar bango ko ƙwaryar da ke rataye, kamar mai tunani a fili.

"Rufin nan dai sai ya faɗo wa mutum a ka."

Ba zan ce komai ba. Washegari kafinta zai zo.

"Gwiwar nan ta hana mutum sujada."

Juma'a mai zuwa zan bar magani a gefen tabarma in tafi. Godiya ma ta wannan hanyar take zuwa. Za ta ce wa ƙwaryar, "Wasu kafintocin dai sun iya aiki," in ji daɗi har cikin raina, in ci gaba da kallon ƙafata.

Na daɗe da lura cewa abubuwa masu nauyi ni kaɗai ake faɗa wa bango a gabana. Ƙanwata, autarmu, ita ce take kwana kusa da Inna, amma in ta ji an ce ciwo sai ta ɗaga waya ta tayar da dangi har na Gombe, kafin la'asar gida ya cika da masu dubiya. Mazan kuwa sai su tsaya gardamar wane asibiti. Inna ba ta son hayaniya a kan jikinta. Ni ce mai ji in yi shiru in aikata, kuma ina alfahari da hakan, ko da yake ba wanda ya taɓa naɗa ni.

Da kunnen ya mutu sai na zauna a wurina kamar kullum, na ga ta wutsiyar ido leɓenta yana motsi, amma abin da ke iso ni bai wuce gunaguni ba. Ban san ko tasbihi take yi ko da ni take ba. Ba kuma zan ce "na'am?" ko "me aka ce?" ba, domin wannan yana nufin na bayyana cewa da ni ake, ita kuma ta bayyana cewa ta yi wa 'yar farinta magana. In na juya don kunnen dama ya fuskance ta, ko dai in ba ta baya, ko in zuba mata ido, kuma ban san wanne ya fi muni ba. Sau ɗaya na gwada sauya wuri, na je na zauna ta wajen ƙafar gado inda ƙanwata take zama. Inna ta miƙe a hankali, ta ce wa iska bari ta duba awaki, ba ta dawo ba sai da na koma bakin ƙofa.

Na sa ƙanwata ta gaya mata kunnen ya daina ji. Inna ta aiko mini da man shanu a 'yar kwalba, wai in riƙa ɗigawa. Amma ta ci gaba da maganarta yadda ta saba, don ba zai yiwu ta ɗaga murya saboda ni ba. Bayan haka kuma tana ganina ina amsa wa ƙanwata daga can ƙarshen tsakar gida, tana ganina ina hira a waya. Wata rana ƙanwata ta raka ni zaure tana danne dariya.

"Adda, kin san me Inna ta ce? Wai ita ba ta taɓa ganin kurman da ke amsa waya ba."

Na yi dariya tare da ita. A cikin keke kuwa raina ya yi ta ɓaci har na isa gida.

Na'ura ta farko maigidana ne ya kawo ta. Ya sayo ta a wani shago a Wunti, inda ake sayar da tocila da rediyo da abin auna hawan jini. Launin fatar Bature gare ta, da ɗan maɓallin da ake murzawa a ƙara sauti. Ya sa mini ita da kansa a kunnen hagu, ya murza har ƙarshe, ya koma gefe ya kira ni da ƙarfi. Na ji shi sarai, da kunnen dama. Ya yi murna, ni kuma ban so in kashe masa gwiwa ba. Na tafi da ita makaranta kwana biyu. Ashe tana wani irin fito siriri da kowa yake ji ban da ni. A ɗakin malamai aka yi ta neman inda ƙarar take, wani ya kashe fanka, wata ta cire cajar wayarta, ina zaune ina makin jarrabawa ina taya su dubawa. Malamar Islamiyya ce ta matso ta taɓa kafaɗata ta nuna kunnena. Na'urar tana cikin durowa har yau.

Daga nan aka tura ni wurin wani ma'aikaci a babban asibiti wanda aikinsa shi ne gwada ji. Mutumin kudancin jiharmu ne, mai haƙuri, Hausarsa irin ta gari wadda ba ta raba mace da namiji. Ya sa ni a wani ɗan ɗaki mai kaurin bango, ya rufe mini kunnuwa da wani abu, ya ce duk lokacin da na ji ƙara in danna maɓalli. A dama na yi ta dannawa. A hagu na zauna da maɓalli a hannu har ya buɗe ƙofa.

"Hajiya, ka ga wannan kunne, jijiyansa ya mutu. Ko an sa masa lasifika na masallaci ba zai ji ba. Wancan abu da oga ya saya, ƙara sauti kawai yake yi, na mutum da jinsa ya rage ne. Naka bai rage ba, ya ƙare."

Na ji daɗin yadda ya faɗa ba kwana-kwana. Ya zana mini kai a takarda da kunnuwa biyu, ya ce hanya uku ce. Ko in zauna haka, mutane da yawa suna zama. Ko a yi mini aiki a dasa wani ɗan ƙarfe a ƙashin bayan kunne, sauti ya riƙa bi ta ƙashi yana zagayawa zuwa kunne mai lafiya, amma wannan sai an yi tafiya, ba a yi a nan. Ko kuma in sa na'ura mai ƙwaya biyu. Ɗaya tana zama a bayan kunnen da ya mutu, ba ta yi masa komai, tana kwasar maganar wannan gefen ne kawai ta aika wa 'yar uwarta da ke kunnen dama, ita kuma ta zuba a ciki.

Na ce, "To ai kenan mai lafiyar za a sa wa abu."

"Shi ne ya rage yana aiki. Shi za a kai wa saƙo."

A gida wannan magana ba ta shiga kan kowa ba. Maigidana ya ce shi bai taɓa jin an ɗaure ƙafa mai lafiya don ɗayar ta karye ba. Yayarsa, wadda ba a yin ciwo a dangi ba ta san wanda irinsa ya kashe ba, ta ce wata maƙwabciyarsu ta sa irin wannan abu, batirin ya cinye mata kunnen da ya rage. Na san ba gaskiya ba ne. Na tambayi mai gwajin, ya yi dariya har da riƙe ciki. Amma mai kunne ɗaya ba ya jin irin wannan labari ya wuce shi gaba ɗaya, wani ɗan abu yakan maƙale. Maganar dasa ƙarfe kuwa maigidana ya ce ba za a huda masa kan mata ba, na nuna kamar na ji haushi, alhali sauƙi na ji da ya ɗauke mini wannan zaɓin.

Aka ba ni mai ƙwaya biyun aro na mako biyu in gwada. Wanda ya ƙera ta bai yi tunanin mace mai hijabi ba. Da zarar na rufe kai, yadin ya kwanta a kan ƙwayar hagu, duk motsin da na yi sai in ji kamar ana jan buhu a kan siminti a cikin kunnena mai lafiya. In na haɗiye miyau ma sai yadin ya amsa. Bai kuma yi tunanin alwala ba. Sau biyar a rana sai na zare hijabi, na cire ƙwaya biyu ƙanana kamar wake, na nemi inda zan ajiye su da busasshen hannu, na shafi kunne, na jira ya bushe, na mayar. Ran nan na bar su a kan tagar bayan gida na makaranta har aka tashi, mai shara ce ta tsince su ta ɗauka 'yan kunne ne. A cikin keke kuma ƙarar inji da ta saba mutuwa a hagu yanzu an kwaso ta an zuba mini a dama. Na isa gida da ciwon kai.

Juma'a biyu ce ta faɗo cikin gwajin. Ta farko na zauna a wurina da hijabi, na yi ƙoƙarin kada in motsa, amma numfashina ma yana motsa yadi. Inna ta yi magana sau biyu ko uku, na ji muryarta kusa fiye da da, amma kalmomin suna ƙarƙashin jan buhu. Ta biyu kuma suna ake yi a gidan, ɗakin cike da mata, Inna ba ta magana da bango in da mutane. Ran Litinin na mayar da na'urar, na ce zan yi shawara.

Shawarar nan ta ɗauke ni shekara guda da wasu watanni. In an tambaye ni sai in ce hijabi ne, ko tsada, ko alwala, kuma duk gaskiya ne. Amma akwai dalilin da ban faɗa ba. Ba na son a gan ni da abu a kunne biyu. Ɗaya ma da sauƙi, a ce larura ce. Biyu kuwa a idona tsufa ne, kuma ni ce malamar da 'yan aji uku suke tsoro. Na ga hoton wata ƙarama a wayar wata abokiyar aiki, irin wadda ke shigewa cikin ramin kunne ba a gani, na nace ita nake so. Sau uku ina komawa wurin mutumin nan da hotuna daban-daban, sau uku yana sake zana mini kai da kunnuwa biyu. A na ukun bai ma ɗauki biro ba.

"Hajiya, kai malami ne. In ɗalibi bai zo aji ba, ko ka yi ihu zai ji?"

Na ce masa ba a koya mini aikina. Na fita ina fushi, don na san ya fi ni gaskiya.

A duk tsawon wannan lokaci ban fasa zuwa Juma'a ba. Ina zama, ina ganin leɓe yana motsi, ina cankar abin da ake nufi. Na mai da abin kamar lissafi: damina ta kusa, wataƙila rufi ne, sai in aika kafinta, ya hau ya sauko ya ce bai ga inda ke yoyo ba. Na ga ta dafa gado za ta tashi, sai in kawo maganin gwiwa. Na kawo bargo, na kawo sabuwar buta, na sa aka canja mata katifa da ba ta ce ta gaji da ita ba. Ƙanwata ta kawo mini rahoto cewa Inna ta ce mutanen GRA sun mai da ɗakinta kanti. Na ɗauki wannan a matsayin wasa, na gaya wa kaina cewa cikin abubuwa goma da na kawo ai ba za a rasa wanda ta nema ba.

Wata Juma'a bayan babbar salla na zauna kusan awa guda, sai da zan tashi na lura leɓenta bai motsa ba ko sau ɗaya. Carbi kawai take ja. Na ce ko gajiya ce. Juma'ar da ta biyo ma haka, ta amsa gaisuwa tana kallon taga, ta yi shiru har na yi sallama. A zaure na tambayi ƙanwata ko Inna ba ta da lafiya. Ta ce lafiyarta lau, da safe ma ta yi mata faɗa a kan gishirin miya har maƙwabta suna ji. A nan ne tsoro ya kama ni. Ran Litinin na nemi izini a makaranta na koma asibiti, ban riƙo hoton komai ba, na ce a ba ni mai ƙwaya biyun.

Matsalar hijabi wata tela ce ta warware ta a Wunti, a wani shago da ba ya ɗaukar mutum uku. Na cire ƙwayoyin na nuna mata, na ce ga abin da yadi yake yi mini. Ba ta ce Allah sarki ba, ba ta tambaye ni yadda aka yi ba, shi ya sa har yau ita take mini ɗinki. Ta juya su a tafin hannu, ta murza yadin hijabina kusa da kunnenta, ta ce wannan ai leda ce, dole ya yi ƙara. Ta zaɓo auduga mai laushi, ta yanka hijabin da faɗi ta wajen kunnuwa, ta sa masa wani ɗan tauri a goshi don ya tsaya bai kwanta a gefe ba. Ta kuma ce in daina ɗaura ɗankwali a kan kunne, in ɗaga shi sama kamar 'yan mata. Mai gwajin ya haɗa na'urar da kwamfutarsa ya rage mata kwasar ƙarar titi. Don alwala na samu ɗan gwangwanin man shafawa da ya ƙare, na sa auduga a ciki, yana cikin jakata kullum. A aji na shiga da su a fili ranar farko, na tsaya na juya kai hagu da dama don kowa ta gani ta huta. Layin hagu ya yi tsit kafin a tashi.

Ba ta mayar mini da kunne ba, kuma ba a ce za ta mayar ba. Har yanzu ban san inda sauti yake fitowa ba, komai a dama yake sauka. Amma wanda ke hagu da ni ya daina zama hoto.

Juma'ar farko da na zauna da ita a ɗakin Inna, na ji abubuwan da na manta suna nan. Agogon bango yana tafiya. Gadon ƙarfe yana ƙara in ta gyara zama. 'Ya'yan carbi suna bugun juna, har numfashinta ina ji, da ɗan tarin da take dannewa. Magana ce kawai babu. Na zauna har aka kira la'asar. Juma'a ta biyu haka, ta uku ma haka. Ta ga hijabin ya canja, na kuma tabbata ƙanwata ta gaya mata komai har da farashi. Amma wadda ta shekara biyu tana magana ba a amsa ba, ba don an sayo wani abu za ta ci gaba daga inda ta tsaya ba.

A ta huɗu na yi abin da ban taɓa yi ba tunda aka haife ni. A ɗakin nan ita ce take fara magana, ni ji ne nawa. Na zaɓi wani ƙusa a bangon da ke gabana, na kafa masa ido, na ce da murya daidai irin tata:

"Wasu kunnuwan dai an yi musu gyara. Yanzu ko raɗa aka yi ta nan gefen suna ji."

Carbin ya tsaya.  Har na fara tunanin na yi rashin kunya a banza. Sai gado ya yi ƙara, ta juya wajen ƙwaryarta.

"Kunne ya samu masu shi. Ido ne dai ba shi da kowa. Na daman nan tun azumin bara waccan ya fara duhu ta gefe. Yanzu ko fitila aka kunna ba ya gani." Ta ja carbi ɗaya. "An yi ta faɗa."

 A zaune nake ina tuna yadda take laluben kofi kafin ta ɗauka, da yadda ta daina ɗinke bakin zane da kanta, da yadda take juya kai gaba ɗaya in an shigo. Duk na gani, na sa su a cikin tsufa, na kawo bargo. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na kuma ji haushin kaina, kuma har yau bai gama wucewa ba.

Washegari muka kai ta asibitin ido, ni da ƙanwata. Likitan ya ce hawan jinin ido ne, irin wanda ke cin gani a hankali ba tare da ciwo ba. Na dama ya riga ya tafi, ba ya dawowa. Na hagu ma an fara ci, amma ana iya tsayar da shi in za a riƙa ɗiga magani safe da yamma har ƙarshen rai. Na rubuta sunan maganin, na tambayi lokutan, na tambayi ranar dawowa.

A bakin ƙofar asibitin, muna jiran keke, ƙanwata ta fashe da kuka. Ta riƙe hannun Inna tana jijjigawa.

"Haba Inna! Ɗaki ɗaya muke kwana. Shekara biyu ido yana mutuwa, ba za ki gaya wa kowa ba?"

Inna ta dube ta sosai, ta amsa mata da cikakkiyar murya, yadda take yi wa autarta magana.

"Na gaya wa wadda ake gaya wa."

Ina tsaye a gefenta, na ji sarai. Na tsayar da keke, na riƙe mata labule ta shiga.

Yanzu ni nake sayen maganin, in kawo shi ran Juma'a in ajiye a gefen tabarma. Ta dawo da magana da bango, ba kamar da ba, amma tana yi, ni kuma ina ji. Ƙanwata ce take ɗiga mata maganin safe da yamma, domin sai an riƙe fuska an buɗe ido an kalli cikinsa, wannan kuwa ba ta yarda ni in yi ba.